Faifan Thriller na Michael Jackson: cikin waƙa tara, nawa ne ba a tsallakewa?

Abba Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Yau na zo da magana, na kuma san wasu za su ce na taɓa musu gwani. Faifan Thriller na Michael Jackson, wanda ake cewa ba a taɓa yin faifan da ya kai shi ciniki ba, ni a wajena bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Waƙa tara ce a ciki, minti 42 da ɗoriya. Huɗu daga ciki, Billie Jean, Beat It, Wanna Be Startin' Somethin' da Human Nature, ko maƙiyi ya ji sai ya gyaɗa kai. To sauran biyar ɗin fa? Off the Wall da ya fitar a 1979 ya fi shi tsari, idan ka kunna ba ka ɗaga hannu sai ya ƙare. Na faɗi tawa, mai ja ya ja.

Zee:
Tabɗi. Yaya Abba da sassafen nan ka tashi da neman rigima?

Kawu Sale Kaduna:
Wa alaikumus salam. Abba ɗana, lokacin da faifan nan ya fito, ƙarshen Nuwamban 1982, ina zaune a shagon kaset na yayana. Kai labari ka ji, mu a kunnenmu aka yi. Samari suna zuwa da kaset ɗin da ba komai a ciki su ce a ɗaukar musu, wasu ma su ce gefe na biyu kawai suke so, a sa musu shi gaba da baya. Ka san me ya sa? Beat It ce ta buɗe gefen, Billie Jean ta biyo, Human Nature ta ɗora. Uku a jere. Idan suka ƙare sai a zare kaset a soka biro a huda a juya shi baya, don kada batir ya ƙare a banza. Nuna mini wani faifan da ya jera uku irin waɗannan.

Abba Fagge:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ai shaida ka ba ni. Tun a zamaninku ma rabin faifan ake nema.

Kawu Sale Kaduna:
Rabin da ya fi cikakken faifan wasu goma.

Injiniya Jos:
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren da nake ci da shi, wato haɗa sauti. Abba, kafin ka yi maganar waƙoƙin, saurari yadda aka ɗauke su. A situdiyon Westlake da ke Los Angeles aka yi aikin, daga Afrilu zuwa Nuwamban 1982. Quincy Jones ne furodusa, Bruce Swedien ne injiniya. Sa abin ji a kunne ka kunna Billie Jean. Ganga ce take fara shigowa ita kaɗai, bugun Ndugu Chancler, ba ado ba ƙari. Sai jitar bes ta Louis Johnson ta shigo tana zagaye wuri ɗaya kamar ba za ta daina ba. Kusan rabin minti kafin ka ji baitin farko. Kowane kayan kiɗa yana da gurbinsa, babu mai taka wani, kuma akwai fili a tsakaninsu. Wannan filin shi ne abin da yaranmu na yanzu ba sa bari. Sai mutum ya cusa kaya ashirin a waƙa ɗaya, ya matse sautin don ya yi ƙara a waya, ƙarshe ka rasa mai magana.

Swedien da bakinsa ya ba da labarin cewa sau 91 ya haɗa sautin Billie Jean, daga baya Quincy ya ce a koma a saurari na farko-farkon, aka ɗauki na biyu. Shi ne wanda duniya take ji har yau.

Sannan gajartar faifan da ka ambata ba rowa ba ce. Faifan garmaho yana da iyaka. Idan ka cika masa mintoci a gefe ɗaya, dole layukan su matsu, sauti ya yi rauni, bes ya mutu. Da suka gama haɗawa karo na farko suka saurara, abin bai yi musu daɗi ba, sai suka sake haɗa shi waƙa bayan waƙa, suka datse wasu. The Lady in My Life ta fi haka tsawo a asali.

Abba Fagge:
Injiniya, ban musa ingancin sauti ba. Amma kyan ɗauka ba ya mayar da waƙa mai rauni ta zama mai ƙarfi. Ka ɗauki The Girl Is Mine da duk na'urar da ka ga dama.

Anti Bilki:
Yauwa, yanzu ka zo inda nake jira. Wannan waƙar ni ma ba na kare ta. Manyan mutane biyu, Michael da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles, sun tsaya suna jayayya a kan budurwa cikin lallausar murya kamar masu yi wa jariri wasa, a ƙarshe ma suka ajiye waƙar suka koma hira. Ita yarinyar da ake rigimar a kanta ko sau ɗaya ba a tambaye ta wa take so ba. Kuma ita aka sa ta uku, daidai lokacin da jikin mutum ya fara ɗaukar zafi.

Amma Abba ƙanena, ka yi wa Baby Be Mine da The Lady in My Life rashin adalci da ka jefa su cikin biyar ɗinka. Su kaɗai ne ba a fitar a matsayin waƙar talla ba, ba su da bidiyo, rediyo ma ba ta dame mu da su ba. Rashin suna daban, rashin kyau daban. Ka je ka saurari ƙarshen The Lady in My Life, inda ya saki baitocin ya koma roƙo. Duk faifan babu inda muryarsa ta fito tsirara kamar nan.

Zee:
Anti, ni dai barci take sa ni wallahi.

Anti Bilki:
Yarinya, ba a yi ta don 'yan shekara ashirin ba. Ki jira.

Malam Nura:
Ina biye da ku tun ɗazu. Ina ganin Abba da Kawu duk abu ɗaya suke gani, sunan da suka ba shi ne ya bambanta.

Mu tuna halin da aka yi faifan. Off the Wall ya sayu sosai, amma a bikin Grammy na 1980 lamba ɗaya tak ya samo, ita ma a rukunin kiɗan R&B, wato inda aka saba ajiye baƙaƙen fata. Abin ya ci wa Michael rai. A lokacin kuma an juya wa kiɗan disko baya a Amurka, gidajen rediyo sun rabu, na farare daban na baƙaƙe daban. Tashar talabijin ta waƙoƙi, MTV, da aka buɗe a 1981 kusan duk mawaƙan rok farare take nunawa. Shi yana da shekara 24, ya ƙudura cewa wannan karon babu ƙofar da za a rufe masa.

To dubi yadda aka jera kayan, kamar mai shagon da ya ce duk wanda ya shigo sai ya sami abin saye. The Girl Is Mine da kuke zagi ita aka fara fitarwa a Oktoban 1982, don gidajen rediyon farare da iyaye masu son sanyin kiɗa, ta kuma kai ta biyu a Billboard, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Beat It don masu son rok, shi ya sa aka ɗauko Eddie Van Halen ya zo ya yaga jita a tsakiyarta. P.Y.T. da Baby Be Mine don tsofaffin masoyansa na gidajen rawa. Thriller don yara. Dabarar ta ci: waƙoƙi bakwai aka fitar, duka bakwai suka shiga goman farko, biyu suka hau na ɗaya, faifan ya yi mako 37 a saman jadawali, a Fabrairun 1984 Michael ya kwashi Grammy takwas a dare ɗaya, bakwai daga ciki na wannan faifan ne.

Abin da aka biya shi ne abin da Abba yake kuka da shi. Off the Wall dare ɗaya ne a wuri ɗaya, yanayinsa bai canja ba. Thriller kowace waƙa da inda ta dosa. Kana fitowa daga zafin Baby Be Mine a jefa ka cikin hirar McCartney, kafin ka farfaɗo sai ga ƙarar ƙofa da kukan kyarkeci.

Kawu Sale Kaduna:
Malam, in dai mai shago ya sayar da kayansa kaf, ban ga laifinsa ba.

Malam Nura:
Kawu, ban ce laifi ba ne. Ciniki ya yi, amma tambayar Abba a kan sauraro take.

Umaru Garwa:
Ku dakata, mu mutanen Kamaru muna da ƙorafi a kan faifan nan, kuma a waƙar farko yake. Amshin nan na ƙarshen Wanna Be Startin' Somethin' da kowa yake tafi yana maimaitawa, daga Soul Makossa ta Manu Dibango aka ɗauko shi, waƙar da ya yi tun 1972. Mutumin Duwala ne, mai busa saksofon. Aka ɗauka ba a tambaye shi ba, ba a rubuta sunansa a bayan faifan ba. Sai da ya kai ƙara sannan aka sasanta a wajen kotu. Bayan shekaru Rihanna ta sake ɗaukar wannan wurin a waƙarta, da izinin ɓangaren Michael, shi Dibango ba a neme shi ba, ya sake zuwa kotu a Faransa a 2009. Ya rasu a 2020. Duk sanda aka ce faifan da ya fi kowanne ciniki, ni wannan nake tunawa. Idan ana lissafin rauninsa a sa da wannan.

Injiniya Jos:
Gaskiyarka Umaru, babu kare wannan. Abin haushin ma wurin da aka ɗauko ɗin shi ne ƙololuwar waƙar. Minti shida take, a hankali take tara zafi, ƙaho na shiga na fita, har a zo inda kayan kiɗa za su ja baya a bar muryoyi da tafi. Cire wannan wurin ka ga abin da zai rage.

Umaru Garwa:
Shi ya sa ya kamata a ce sunansa yana jiki tun ranar farko.

Ɗan Borno:
Ni tambayata ɗaya. Ana ta cewa faifan Michael, faifan Michael. Waƙa huɗu kawai ya rubuta a ciki. Rod Temperton, Baturen Ingila, ya rubuta uku, har da ita Thriller ɗin. Human Nature ta Steve Porcaro ce na ƙungiyar Toto shi da John Bettis. P.Y.T. ta James Ingram da Quincy. 'Yan Toto ne suka kaɗa kaya da yawa a ciki. To ina aikin mutum ɗaya a nan? Faifan Quincy Jones ne aka liƙa hoton yaro mai farar kwat.

Malam Nura:
Ɗan Borno, duba waɗanne huɗun ne. In ka cire ta McCartney, sauran ukun su ne ƙashin bayan faifan, kuma su biyun da suka hau na ɗaya duk nasa ne. Akwai gwajin Billie Jean da ya ɗauka a gida a 1981, an fitar da shi daga baya, kowa zai iya nema ya ji. Bes ɗin yana nan, tafiyar waƙar tana nan, tun kafin a shiga babban situdiyo.

Kuma ku lura da abin da ukun nan suke faɗa, don nan ne ni faifan ya kama ni. Billie Jean mace ce ta ce shi ne uban ɗanta, yana rantsuwa ba shi ba ne, amma muryarsa tana rawa, har ya zo inda aka nuna hoton yaron ya ga idanun sun yi kama da nasa. Wanna Be Startin' Somethin' a kan masu gulma da masu ci da sunan mutum take. Beat It cewa take ka guji faɗan daba, ka tsira da ranka, ba a nan ake nuna mazantaka ba. Duka ukun tsoro ne da zargi. Yaron da aka ɗora a dandamali tun yana ƙarami, ya tashi kowa yana son wani abu a wajensa. Waƙoƙin da wasu suka rubuta masa na soyayya ne da nishaɗi, wanda ya rubuta da hannunsa na mutumin da yake waiwaye ne. Jama'a suna ta rawa a kai ba su damu da abin da yake faɗa ba. A Off the Wall ba ka jin wannan, can murna ce zalla.

Abba Fagge:
To Malam, da sun bar shi ya cika faifan da irin waɗannan ukun mana. Abin da nake faɗa ke nan. An sami zuciyar faifai, sai aka kewaye ta da kayan talla.

Malam Nura:
Da an yi haka wataƙila ya fi tsari, amma da Kawu bai sayar da rabin abin da ya sayar ba.

Zee:
Ni abin da ya dame ni ma daban ne. Ku duba matan da ke cikin faifan. Ɗaya maƙaryaciya ce mai liƙa wa mutum ciki. Ɗaya kaya ce ana jayayya a kanta. Ɗaya kyakkyawar yarinya ce da ko suna ba ta da shi. Ɗaya kuma an kai ta kallon fim ɗin tsoro don ta firgita ta maƙale shi. Anti, ko ƙarya na yi?

Anti Bilki:
Ba ki yi ƙarya ba 'yar nan. Sai dai ba shi kaɗai ba ne a zamanin, kuma ta ƙarshen faifan an girmama ta. Shi ya sa nake ce miki ki daina barci a kanta.

Kawu Sale Kaduna:
Ban ji wanda ya yi maganar ita Thriller ɗin kanta ba. Ko ita ma tana cikin biyar ɗin Abba?

Abba Fagge:
Tana ciki dumu-dumu, Kawu. Rufe ido ka saurare ta ba tare da tuna bidiyon ba. Bes mai daɗi, na yarda. Sauran kuwa ƙarar ƙofa, takun sawu, tsawa, sai Vincent Price, tsohon ɗan wasan fina-finan tsoro, ya zo ya yi surutu ya ƙyalƙyale da dariya. Wasan yara ne. Temperton ma da farko da wani suna ya rubuta ta, Starlight, waƙar soyayya, daga baya aka sauya mata baitoci. Bidiyon ne ya ɗaga ta, shi kuma sai Disamban 1983 ya fito, shekara guda bayan faifan.

Kawu Sale Kaduna:
To ai bidiyon ma aikinsa ne. Shi ya nemo John Landis bayan ya ga fim ɗinsa na mutumin da yake rikiɗa kyarkeci. Kusan minti 14, da labari da komai, ba a saba ganin haka ba. Mu nan a bidiyon kaset muka gan shi a gidan wani maƙwabci, falo cike har bakin taga. Da gawarwakin nan suka fara fitowa daga kaburbura wata tsohuwa ta tashi tana salati ta bar ɗakin, takalminta ma sai aika mata aka yi. Shi kansa Michael a lokacin yana bin Shaidun Jehobah, sai da ya sa aka rubuta a farkon bidiyon cewa ba ya goyon bayan tsafi. Bayan nan duk wani yaro mai ji da kansa a unguwa sai ka gan shi da wando ɗangalalle da farar safa, yana jan ƙafa da baya a kan siminti har takalmi ya cinye.

Injiniya Jos:
Jan ƙafar nan kuma ba a bidiyon Thriller ya fara ba, a bikin cikar kamfanin Motown shekara 25 ne, da aka nuna a talabijin a Mayun 1983, yana rera Billie Jean. Amma Kawu, a nan ina bayan Abba. Faifai da kunne ake auna shi. Rawa da jar riga ba sa cikin garmaho.

Kawu Sale Kaduna:
Ku 'yan boko kun iya raba abin da Allah ya haɗa.

Ɗan Borno:
Sannan har yanzu ba wanda ya taɓo zarge-zargen da aka yi masa a kan yara.

Admin:
Ɗan Borno, magana ce babba, ba kuma za a share ta ba. An zarge shi a 1993 aka sasanta, an gurfanar da shi kotu ta wanke shi a 2005, bayan rasuwarsa a 2009 wasu sun sake fitowa da zargi. Mai son a tattauna ya buɗe mata zaure nata. Nan a tsaya a kan faifan, kada a cakuɗa.

Anti Bilki:
Human Nature fa, kowa ya sa ta a cikin masu kyau ya wuce, ba wanda ya tsaya a kanta. Ita ce ta kusa rashin shiga, a ƙurarren lokaci Quincy ya ji ta a kaset ɗin gwaji, aka cire wata mai suna Carousel aka sa ta. Ni a wajena ta fi Beat It. Beat It ta tsufa, kana jin jitar nan ka san shekarun 1980 ne. Human Nature kuwa ko jiya aka yi ta sai haka. Miles Davis, gwanin kiɗan jazz, da kansa ya busa ta da ƙaho a 1985, kuma shi ba kowace waƙar zamani yake kulawa ba.

Injiniya Jos:
Anti, Beat It ba ta tsufa ba, kwaikwayonta aka yi har aka gundure mu. Van Halen ko sisi bai karɓa ba a kan wannan aikin, kuma kiɗan jitarsa a waƙar kusan rabin minti ne kawai.

Zee:
To ni ga shawara. A cire The Girl Is Mine a sa Say Say Say, tunda ita ma shi da McCartney ne, kuma ta fi ta rai nesa ba kusa ba. Shi ke nan an rage wa Yaya Abba ɗaya.

Injiniya Jos:
Ba za ta zauna ba, Zee. Ta faifan McCartney ce na 1983, George Martin ne ya haɗa ta, gangarta da bes ɗinta ba irin na Swedien ba ne. Kina sa ta tsakanin Baby Be Mine da Thriller za ki ji an canja ɗaki. In dai cirewa za a yi, a cire kawai a bar takwas, a mayar wa The Lady in My Life mintocinta da aka datse.

Anti Bilki:
Wannan na sa hannu.

Kawu Sale Kaduna:
Ni ban sa ba. Akwai masu zuwa shago takanas don ta McCartney ɗin, yawancinsu ma'aikatan banki ne da malaman makaranta, kuma ba sa neman ragi.